Barbarar da Ta Kama, Cikin da Bai Zauna Ba

A garinmu, can arewacin ƙasar Zazzau, mu ba masu garke ba ne. Manoma ne mu, amma kusan duk gidan da ke da ɗan hali yana da saniya biyu ko uku da ya bai wa Fulanin rugar bayan gari amana. Su yi kiwo su sha nono, mu kuma mu jira maraƙi. Da kaka, bayan an kwashe gero da dawa, sai su sauko da garken gonakinmu, shanu su ci kara, su bar mana taki. Da saniya ake yi wa ɗa aure, da ita ake sayen hatsi idan damina ta yi gardama, ita ce kuma abin da ake dubawa in ciwo ya kwantar da mai gida. Don haka lissafin haihuwarta ba ƙaramin lissafi ba ne. Mahaifina bai yi boko ba, amma ya san watan da aka hau kowace saniyarsa, ya kuma san cewa wata tara da 'yan kwanaki ake jira.

Ni ne yaron da ake aika ruga da kanwa da dusa, kuma a can na fara koyon karanta jikin saniya. Idan ta zo neman sa, ba ta zama wuri ɗaya. Tana kuka, tana rage cin ciyawa, tana hawan 'yan'uwanta, wani farin ruwa mai yauƙi yana zuba daga bayanta. Babbar alama ita ce a hau ta ta tsaya cik ba ta goce ba. Shanunmu masu tozo ba su cika daɗewa a wannan hali ba, sau da yawa ma da dare abin ke zuwa ya wuce, shi ya sa makiyayin da ke kwana kusa da garke ya fi kowa sani.

Akwai wata farar Bunaji ta mahaifina da ta taɓa haihuwa lafiya, sannan a wata shekara mai dogon rani ta shiga wani hali. Dattijon da ke riƙe da ita yakan biyo ta gidanmu bayan sallar Juma'a. Na ji shi a zaure yana cewa, "Malam, farar nan taka ta sake dawowa."

"Ba ka ce sa ya hau ta wancan watan ba?"

"Ya hau, a kan idona. Amma mako uku cif, ga ta tana kuka tana bin garke. Ba ta riƙe ba."

Da abin ya maimaitu har aka gaji da ƙirgawa, sai aka yanke mata hukunci cewa ta zama juya. Ranar kasuwa aka ja ta, mahauta suka saya. Babu wanda ya ga laifin kowa, domin a sanin kowa a lokacin, saniyar da aka hau ta dawo neman sa bayan mako uku, to barbarar ce ba ta kama ba.

Da wannan fahimtar na shiga Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wadda aka buɗe a 1964. Darasin haihuwa a mayanka yake farawa. Da asuba muke zuwa mu karɓo mahaifun shanun da aka yanka, mu baje su a kan faranti. Mahaifar saniya rassa biyu gare ta, kowanne ya lanƙwashe ya ƙare a wani siririn bututu, a ƙarshen bututun kuma ga gidan ƙwai. Idan ka sa wuƙa ka tsaga gidan ƙwan, sau da yawa za ka tarar da wani ƙullutu mai launin rawaya, mai ɗan tauri, ya cinye kusan rabin wurin. Malaminmu yakan ɗaga shi da ɗan hantsaki ya ce mu dube shi da kyau, domin shi ke riƙe ciki, in ya mutu a watannin farko kuwa ciki ya bi shi. A wannan mayankar ne kuma na fara ganin abin da har yau yake sosa mini rai, wato a farke mahaifar saniyar da aka sayar a kan ba ta haihuwa, a tarar da ɗan tayi kwance a ciki.

Daga nan aka koya mana lalube. Ka sa doguwar safar hannu har kafaɗa, ka shiga ta duburar saniya, ka kwashe kashi, ka jira ta daina yunƙuri, sannan ka lallaba yatsunka ƙasa har ka kama bakin mahaifa. Ka bi reshen dama, ka bi na hagu. Idan ɗaya ya fi ɗaya kumbura, ya yi laushi da ruwa a ciki, kana matsawa a hankali ka ji wata siririyar fata ta sulluɓe tsakanin yatsunka, to akwai ciki. Sai dai gwanin gwanaye ma ba ya jin wannan sai an kai kwana 30 zuwa 35 da barbara. Abin da ke gudana kafin nan a rufe yake ga hannu, a rufe ga ido.

Bayan na fara aiki, na sami horo kan barbarar hannu a Shika, tsohuwar gonar dabbobin nan da aka kafa a 1928, wadda ta zama Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa a 1976. A nan na ga yadda ake adana maniyyin bijimai a cikin 'yan siraran tsinkayen roba, a nutse cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Barbarar hannu ta zo mana da wani abin da ruga ba ta da shi, wato rubutaccen lissafi. Kowace saniya da ranar da aka yi mata, da ranar da ta dawo. Da littafin ya fara cika sai wani abu ya fito fili. Yawancin masu dawowa suna dawowa ne tsakanin kwana 18 da 24, daidai da zagayen da aka san saniya da shi. Amma akwai waɗanda sai sun haura kwana 28, wasu har 35, mai su ya fara murna, sannan a wayi gari suna kuka suna hawan 'yan'uwa. Makiyaya sukan tambaye ni, "Likita, wannan kuma me ya riƙe ta har ta makara?" Amsar tana cikin binciken da ake yi a wasu ƙasashe a daidai waɗannan shekaru, wanda ya riƙa iso mana a mujallun kimiyya sannu a hankali.

Abu na farko da ya girgiza ni shi ne lissafin wasu masana biyu na ƙasar Ayilan, Sreenan da Diskin. Sun nuna cewa idan aka yi wa lafiyayyun shanu barbara da maniyyi mai kyau a kan lokaci, kusan 90 cikin 100 ƙwansu yana haɗuwa da maniyyin, amma waɗanda ke kai wa ga haihuwa ba su wuce kamar 55 ba. Mafi yawan asarar kuma tana aukuwa ne tsakanin kwana na 8 da na 16. A kan shanun Turai aka yi wannan lissafi, amma ginin jikin saniya ɗaya ne ko'ina. Ashe sau da yawa barbara tana kamawa. Cikin ne ba ya zama, kuma yana zubewa tun yana ƙanƙanin da babu jini, babu wata alama da mai kiwo zai gani a ƙasa.

Ga yadda tafiyar take, in aka ƙirga daga ranar barbara. Sa'o'i kaɗan bayan saniya ta daina tsayawa wa sa, gidan ƙwai yana sakin ƙwai guda, ya faɗa cikin siririn bututun nan, a can ya haɗu da maniyyi. Ƙwayar ta rabu biyu, ta rabu huɗu, ta rabu takwas, tana gangarowa. A kwana na 4 ko na 5 ɗan tayi ke shiga reshen mahaifa. A kwana na 7 ya zama ɗan dunƙule mai ruwa a tsakiya, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, sai da madubin likita ake ganinsa. Tun a nan ƙwayoyinsa sun rabu gida biyu: na ciki su za su zama maraƙi, na waje su za su zama mabiyiya. Tsakanin kwana na 8 da na 10 yake fasa ɓawon da ya lulluɓe shi ya fito.

Abin mamakin shi ne, duk wannan lokacin bai manne da jikin uwa ba. Babu cibiya, babu jijiyar jini da ta haɗa su. Yana yawo ne a sake, abincinsa kuwa wani ruwa ne da bangon mahaifa ke tsattsafowa, mai ɗauke da sukari da kitse da sinadaran gina jiki. Da wannan ruwan yake yin wani girma da ba a ganin irinsa a ɗan Adam. Daga wajen kwana na 13 fatarsa ta waje ke fara miƙewa, daga 'yan milimitoci, kafin kwana na 17 ta kai santimita 15 zuwa 20 ko fiye, siririya, shimfiɗe a tsawon reshen mahaifa. Masana sun iya renon ɗan tayin saniya a ɗakin gwaji har ya fasa ɓawo, amma wannan miƙewar ba ta yiwuwa sai a cikin mahaifa. A Amurka an gwada da tumakin da aka hana mahaifarsu yin kafofin da ke fitar da ruwan, sai ɗan tayi ya fasa ɓawo lafiya, ya kasa miƙewa, ya mutu.

Me ya sa yake wannan gaggawar? Saboda jikin uwa yana da nasa lokacin da ba ya jira. A gurbin da ƙwai ya fita ne ƙullutun rawayan nan ke tsirowa, shi ke fitar da sinadarin furojestaron, wanda ke kwantar da mahaifa, ya sa ta tsattsafo abinci, ya hana saniya sake neman sa. Amma idan aka kai wajen kwana na 16 zuwa 18 mahaifa ba ta ji alamar kowa a cikinta ba, sai ta fara sakin wani sinadarin, furostagilandin, kashi-kashi. Shi kuma ya bi ta jijiyoyin jini ya isa gidan ƙwai ya kashe ƙullutun. Furojestaron ya faɗi, sabon ƙwai ya nuna, a kwana na 21 saniya ta dawo. Lamarin kamar baƙo ne da ya iso ƙofar gida da almuru: in ya yi sallama da ƙarfi aka ji, a buɗe masa a kawo ruwa, in kuwa muryarsa ba ta kai ba ko ya makara, a sa sakata ba tare da an san ya zo ba.

An daɗe ana neman gane wannan sallamar. A 1966, Moor da Rowson a Kambirij ta Ingila suka nuna da tumaki cewa dole ɗan tayi ya kasance cikin mahaifa kafin kwana na 12 in ana so ƙullutun ya tsira. A saniya iyakar tana wajen kwana na 16. A 1969 Roger Short ya raɗa wa al'amarin suna, cewa shi ne lokacin da jikin uwa ke shaida akwai ciki. A 1979 Jacques Martal da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa wani furotin ne da ɗan tayi ke fitarwa, a 1982 kuma Godkin da Bazer da Roberts a Jami'ar Fulorida suka ware shi. Sai a 1987 aka gano cewa ɗan dangin intaferon ne, wato sinadaran da jiki ke yaƙar ƙwayoyin bairos da su, daga baya aka sa masa suna intaferon-tau. Fatar waje ta ɗan tayi ce ke yin sa, yana kai ƙololuwa wajen kwana na 15 zuwa 17. Aikinsa shi ne ya hana bangon mahaifa shirya kafofin da ke karɓar umarnin sakin furostagilandin. Iya tsawon ɗan tayi, iya yawan abin da zai fitar, iya faɗin bangon da saƙon zai taɓa. Bayan an tsallake wannan mataki ne, daga wajen kwana na 19 zuwa 20, yake fara mannewa, a hankali mabiyiya ta kama bangon mahaifa a wurare 70 zuwa 120, irin ƙulle-ƙullen nan da duk wanda ya taɓa ganin mabiyiyar saniya ya sani.

Da wannan na fahimci littafinmu na lissafi. Ɗan tayin da ya mutu kafin kwana na 16, ko ya rayu amma ya gaza tsawo, bai taɓa lokacin uwa ba, don haka za ta dawo a mako uku daidai, ba a bambanta ta da wadda ba ta ɗauka ba sam. Wanda kuwa ya isar da saƙonsa sannan ya mutu, ya riga ya ja wa ƙullutun kwana, shi ya sa uwar ke makara. Duk saniyar da ta dawo a kwana 30 ko 35, in dai ba kuskuren gani aka yi ba, akwai alamar ta yi ciki ta rasa.

Binciken da ya biyo baya, musamman na Mann da Lamming a Ingila da na Lonergan da abokan aikinsa a Dublin, ya ƙara nuna cewa tun a makon farko ake gina nasara ko faɗuwa. Saniyar da furojestaron ɗinta ya tashi da wuri bayan barbara, mahaifarta ta fi tanadin abinci, ɗan tayinta ya fi tsawo, saƙonsa ya fi ƙarfi. Wadda nata ya yi jinkiri, ɗan tayinta yakan iso kwana na 16 a tsumbure. Kuma ta hanyar mahaifa sinadarin ke aiki, wato uwa ce ke fara ciyarwa kafin ɗan ya iya sanar da zuwansa.

A nan ne kimiyyar ta dawo da ni ruga. Ka dubi saniyarmu a watan Maris ko Afrilu: ciyawa ta ƙone, tana tafiya mai nisa neman ruwa, maraƙi na tsotso, ana tatsa, haƙarƙarinta a waje. Jikin da ke cin kansa ba ya yin ƙwai mai inganci, ba ya gina ƙullutu mai ƙarfi. Ga zafin bazara, wanda bincike ya nuna ya fi illa ga ɗan tayi a kwanakinsa na farko-farko. Peter Hansen da wasu sun nuna cewa 'yan tayin shanu masu tozo irin su Brahman sun fi na shanun Turai jure zafi, kuma wannan darasi ne ga duk mai ɗokin cika garkensa da jinin shanun Turai irin su Friesian ba tare da ya tanadi inuwa da ruwa ba. Ga sammore da ciwon hanta da kaska da ke shanye jini. Ga ciwon hantsa da duk wani zazzaɓi, waɗanda kan tayar da furostagilandin a jiki ba a lokacinsa ba. Ga mahaifar da ta ruɓe bayan wahalar haihuwa ko maƙalewar mabiyiya, ba a yi mata magani ba. Akwai ma cututtukan da sa ke ɗauke da su a gabansa ba tare da ya nuna ciwo ba, ya bi shanu yana rabawa, su yi ta zubar da ƙananan cikkuna. Makiyayi ya san bakkale domin ɓarinta na manyan watanni ne, ana ganin ɗan a ƙasa. Waɗannan kuwa ba sa barin shaida, sai dai a ga shanu da yawa a garke ɗaya suna ta dawowa, a bi su ɗaya bayan ɗaya ana zargi, sa yana tsaye ba wanda ya dube shi.

Dattawan ruga ba su san intaferon ba, amma da yawa daga abin da suke yi ya dace da shi. Sun san cewa shanu sun fi ɗauka idan damina ta zauna, sabuwar ciyawa ta mayar musu da jiki. Sun san amfanin kanwa da gishiri. Nagartaccen makiyayi ba ya yarda a kori saniyar da aka hau kwanan nan da gudu, ba ya barin yara su dame ta. A shekarun 1980, lokacin da masana na cibiyar binciken dabbobi ta ILCA suka yi aiki da makiyaya a kudancin Kaduna kan killace fili a shuka ciyawar sitailo don ciyar da shanu da rani, abin da suke nema ke nan, kada saniya ta zube har ta kasa riƙe ciki. A garken gargajiya ba baƙon abu ba ne Bunaji ta yi shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa, alhali da isasshen abinci tazarar tana raguwa sosai.

Yau kayan aiki sun fi na zamaninmu. Na'urar hoton ciki tana nuna ɗan tayi daga wajen kwana 28 zuwa 30, har a ga bugun zuciyarsa, akwai kuma gwajin jini da ke gano ciki a daidai wannan lokaci. Amma akwai sabon haɗarin da ba mu san shi ba a da. Allurar furostagilandin, wadda ake yi don a jawo saniya ta zo neman sa, yanzu tana hannun mutane da yawa. Aikinta shi ne kashe ƙullutun rawaya. Duk wanda ya yi wa saniya ita ba tare da an tabbatar babu ciki ba, zai iya zubar da cikin da ya riga ya zauna da hannunsa, ya kuma biya kuɗi a kai.

Don haka kirana ga mai saniya ɗaya da mai ɗari duka ɗaya ne. Ka rubuta ranar barbara, ko ka sa ɗanka ɗan makaranta ya rubuta, ka kuma rubuta ranar da ta dawo, domin tazarar tana gaya wa likita abubuwa da yawa. Ka fara kyautata mata abinci tun kafin a hau ta, ka ci gaba har wata guda bayan nan, da harawa da dusa da angurya gwargwadon hali, ka ba ta inuwa da ruwa, ka rage mata doguwar tafiya. Idan shanu da yawa ke dawowa a garke, a fara binciken sa. Kada a yi allurar jawo barbara sai an duba ciki. Kuma kafin ka kira saniyarka juya ka ja ta kasuwa, ka nemi likitan dabbobi ya sa hannu ya duba ta.